Kaskon Gansakukar Yalwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya ba kifi ruwa ya ba raƙumi haƙuri, ya ba wasu gashi har gadon baya, wasu kuma ya bar musu kai fayau kamar bayan ƙwarya. Ku matso ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai gardama ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmansa, in zai fita ya ɗauki abarsa. Ni ne Nomau ɗan Barmo, wanda ƙafarsa ta ƙi zaman gida. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, inda ido bai kai ba kuwa na cike da abin da ya kamata a ce ya faru.

Abin da ya fitar da ni daga garinmu ba fatauci ba ne, ba kuma neman karatu ba. Sanƙo ne. Tun ina da sauran ƙuruciya gashina ya fara ƙaura, ya tashi daga goshi ya koma ƙeya, daga ƙeya ya yi sallama. Na shafa man shanu, na shafa kitsen damo, na shafa abin da ba zan faɗa a gaban manya ba. Ana nan sai wani falke ya ba ni labarin Birnin Raɓa, can bayan Tekun Toka, inda gansakuka ke tsirowa a kan dutse sumul, kore shar, mai laushi kamar gashin jariri. Na ce a raina, abin da ya tsiro a kan dutse, me zai hana shi tsirowa a kan Nomau? Na ɗaure guzuri na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da Tekun Toka ba, inda ake tuƙa jirgi da tsintsiya, duk wanda ya yi atishawa kuma a ɓata hanya har yamma. Daga gaɓarsa sai Kogin Gardama, wanda tun ranar da aka halicce shi aka ce ya gangara ya ƙi, sai hawan dutse yake yi. Mai fito ya sa ni a kwalekwale, muka zauna, ruwa ko motsi. Sai ya sunkuya ya ce da kogin, "Don Allah tsaya nan, ba ma sauri." Kafin in gyara hula mun wuce gajimare. Na san mutane irin kogin nan, wasunsu suna zaune a nan wurin, amma ban kama suna ba.

Birnin Raɓa a kafaɗar dutse yake. Kowace safiya gajimare na shigowa ta ƙofar gabas kamar garken tumaki, ya bi lunguna, ya leƙa ɗakuna, sai hantsi mata su kore shi da faifai. Saboda haka komai a jiƙe yake, ƙasa kuma santsi gare ta kamar an zubar da miyar kuɓewa. Mutanen garin tafiyar hawainiya suke yi, duk da haka rabinsu ɗingishi suke. Ni da ban sani ba na shiga da takun baƙo mai son a san ya zo, ƙafafuna suka riga ni gaba, na zauna daɓas a bakin kasuwa.

Wanda ya ɗaga ni wani dattijo ne siriri, masaƙin tabarma, ana kiransa Baba Cindo.

Ya ce, "Sannu ɗana. Ka gode Allah a kan nama ka faɗi. Da ƙashi ne, garin nan ba mai ɗori."

Ya kai ni gidansa. Tun daga zaure wani wari ya tare ni, irin na gasarar da aka manta a tukunya. Na yi shiru, baƙo ba ya fara gaisawa da hanci. A wani lungu na tsakar gida, inda ko iska ba ta kaiwa, na ga kasko a kan kujera 'yar tsugunno, ga tulu da ludayi a gefensa. Baba Cindo ya ɗebi ruwa ya zuba a kaskon. Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini tabarma, ya fito ya ƙara zubawa. Ya kawo mini fura, ya ƙara.

Na ce, "Baba, kifi kake kiwo?"

Ya ce, "'Yata ce."

Ya zaunar da ni ya bayyana mini al'adar garin. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa, da hannunsa yake kankaro gansakuka daga dutsen ƙofar gidansu, ya dasa a kasko ya bar wa na gida. Su kuma duk lokacin da suka tuna shi sai su zuba ludayi guda. Shekara-shekara, in gajimare ya yi ƙaura zuwa kudu, Magajiyar Kasake takan bi gida-gida tana dubawa. Kaskon da ta tarar kore, ɗakin matafiyi na nan yana jiransa. Wanda ta tarar ya mutu, an manta da mai shi ke nan, sai a toshe ƙofar ɗakinsa da laka, a daina kiran sunansa a garin. Ko ya dawo baƙo ne, a ba shi ruwa a zaure ya yi gaba.

'Yarsa Yalwa ita kaɗai gare shi. Ta ƙetare Tekun Toka neman ilimin ɗori, shekaru sun soma taruwa, ba ta dawo ba.

Na leƙa kaskon. Jama'a, na ga marasa lafiya a tafiye-tafiyena, amma ban ga wanda ya kai gansakukar nan jigata ba. Gefenta ya yi rawaya, tsakiyarta ta yi baƙi, in ka taɓa sai yauƙi ya biyo yatsanka. Fumfuna fara ta rufe wani sashe kamar auduga, ga 'yan ƙananan ƙudaje na tashi suna sauka kamar sun sami gadon ubansu. Ruwa kuwa kwance yake a kanta har ina ganin fuskata.

Baba Cindo ya ce, "Gajimare ya fara haɗa kaya. Ranar duba ta kusa. Ban san laifin da na yi ba, ɗana. Wallahi ban manta da ita ba."

Muna cikin haka maƙwabciyarsa Tasalla ta yi sallama, mace mai jiki da murya, tana jan ƙafa ɗaya. Kafin ta ce ina wuni sai da ta ɗauki ludayi ta kwarara a kaskon. Ashe haka ake gaisuwa a garin, duk wanda ya shiga gidan mai matafiyi sai ya zuba nasa, alamar shi ma yana tune. Baba Cindo kuwa mutum ne na mutane, zaurensa ba ya rabo da baƙi.

Tasalla ta taɓe baki ta ce, "Cindo, abin nan ƙara lalacewa yake. Ka dubi na mijina, kore shar kamar ganyen yakuwa. Kai dai ka faɗi gaskiya, tabarma ta ɗauke maka hankali."

Na ce, "Gwaggo, ke sau nawa kike tuna maigidan?"

Ta ce, "Kai kuma wa ya sa da kai, mai kan tulu? Ina tuna shi daidai gwargwado. In na ga jakin mutane ya ƙi tafiya, ya faɗo mini a rai."

Ta ba da shawara a ƙara ruwa, kuma a daina ba gansakukar na rijiya, a ɗebo na idon ruwan da ke ƙololuwar dutse, shi ne mai albarka. Baba Cindo ya miƙe zai ɗauki tulu. Na sha furar mutum, na kwanta a tabarmarsa, ina zan bar shi ya hau dutse? Na karɓi tulun. Banda haka, can sama ne aka ce gansakukar da nake nema wa kaina ta fi kyau, kun ga tafiya ɗaya biyan buƙata biyu.

Na hau, na hau, har garin ya koma kamar faifai a ƙasa. Zufa ta karyo mini, na cire hula in share. Rana ta daki kaina, kaina ya rama. Sai na ga inuwa ta rufe ni.

Akwai wata tsuntsuwa a dutsen nan, Uwar Gurbi ake ce mata. Girmanta ya kai rumbu, ganinta kuwa bai kai na tsohuwar kaza ba. Ta hango abu fari, mulmulalle, yana ƙyalli a fili, ta ce wane sakarci ne ya sa ƙwaina ya gangaro nan? Ta sure ni, ta kai ni sheƙarta, ta cusa ni cikin ciyawa har wuya, ta gyara fukafukai ta kwanta a kaina.

Ban taɓa samun wanda ya ƙaunaci kan nan nawa kamar tsuntsuwar nan ba. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta yi masa 'yar waƙa a maƙogwaro. Sai dai ƙaunar ta kusa kashe ni, don ba iska ba haske, ga zafi kamar an rufe ni a tanderu.

Safe da yamma takan tashi neman abinci, ni kuma in fito in miƙe ƙafa in ci ɗan dabinon da ya rage a aljihu. Gudu ba hali, bangon sheƙar ya fi ganuwar gari tsawo. Amma gefe guda na sheƙar jikin dutse ne tsaye, kuma a kansa gansakuka ta shimfiɗu kamar darduma. Wanda ba shi da aiki kallo ne aikinsa, sai na zauna ina kallonta.

Da safe gajimare zai zo ya shafe ta ya wuce, ko ɗigo ba ya tsayawa, don dutsen a tsaye yake. Nan take za ta buɗe ta yi kore har ido ya ji daɗi. In rana ta yi, iska ta busa, sai ta naɗe jikinta ta yi ruwan ƙasa, ka rantse ta mutu. Gari na wayewa gajimare ya dawo, ta sake buɗewa kamar ba ita ba. Na ɗaga gefenta da farce, na ga ba ta da saiwa irin ta gero da ke nutsawa neman ruwa, 'yan zarurruka ne kawai da take riƙe dutse da su. Da jikinta take sha, da jikinta take numfashi.

A gindin dutsen kuma akwai wani ɗan kwarmi inda ruwa ke taruwa ya kwanta. Gansakukar da ta yi rashin sa'ar tsirowa a ciki ta yi baƙi, ta yi yauƙi, ga fumfuna, ga ƙudaje. Na sunkuya na shinshina. Warin zauren Baba Cindo ne, ko gishiri ba a ƙara ba.

Nan na sami abu biyu, ciwon kaskon Yalwa da hanyar fita. Na kwashi ruɓaɓɓiyar nan na dama, na shafe kaina da ita tas, na koma cikin ciyawa na yi lamo. Uwar Gurbi ta dawo za ta kwanta, ta tsaya. Ta karkata kai. Ta shinshina, ta ja da baya, ta yi wani kuka mai ban tausayi, irin na uwar da ta gane ƙwanta ya zama bara-gurbi. Har na ji kunya. Ta ɗauke ni da baki a hankali, ta ajiye ni bayan sheƙa, ta tura ni da ƙafa. Santsin dutsen ya karɓe ni, na gangaro a zaune, na wuce idon ruwa, na wuce tuluna da hulata suna nan inda na bar su, ban tsaya ba sai a bayan gidan Baba Cindo, wandona ya zama tarihi.

Maganar kaina kuwa a can ta ƙare. Na gwada gansakuka mai kyau ɗin ma a kansa kafin in baro sheƙar, ta ƙi kamawa. Dutse ya fi ni albarka, na haƙura.

Baba Cindo ya rungume ni, ya sake ni da sauri saboda wari. Da na yi wanka na ara wando, na ce ya kawo kaskon tsakar gida inda haske yake. Na karkata shi, wani baƙin ruwa ya tsiyaye. Na duba gindinsa, na ga hudar da maginin tukwane ya yi an liƙe ta da laka.

Na ce, "Baba, wa ya toshe nan?"

Ya ce, "Ni ne. Na ga ruwan yana zurarewa, na ce ina zuba mata tana asara."

Na ce, "Baba, gansakukar nan ba ƙishirwa ke damunta ba. Nutsewa take yi."

Ya dube ni kamar na yi masa magana da harshen aljanu. Na ba shi labarin dutse da kwarmi. Na ce masa al'adar garinsu ba ta da laifi, waɗanda suka kafa ta sun san ɗan Adam ne. Matafiyi in ya tafi, da fari ana tuna shi dare da rana, daga baya sai in an ga takalminsa, daga baya sai in jaki ya ƙi tafiya. Ruwan na raguwa daidai yadda gansakuka ke so, sai ta yi kore, a ce gidan nan akwai amana. Shi kuwa tunawarsa ba ta taɓa raguwa ba.

Ya dafa gefen kaskon.

Can ya ce, "Ashe ni ne nake toshe mata ƙofa."

Na ce, "Ba a toshe ba tukuna. Kawo aska da faifai."

Muka ɗago gansakukar a hankali muka ɗora a faifai. Duk inda ya yi baƙi ko yauƙi muka yanke, duk inda fumfuna ta taɓa muka cire har da ɗan abin da ke kewaye da shi. Ina yanka yana runtse ido kamar naman jikinsa nake yanka. Da muka gama, abin da ya rage mai rai bai wuce faɗin babban yatsa ba. Muka zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasar, muka wanke kaskon da toka muka kifa shi a rana, muka buɗe hudar da tsinke. Muka zuba tsakuwa a ƙasa, gawayi a kanta, sa'an nan ya ɓanto ɗan ɓallin dutse daga bakin ƙofa muka kwantar a karkace, yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. A kansa muka ɗora 'yar abar. Muka ɗauke kujerar daga lungu muka kai ta ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa, gajimaren safe ke biyowa, rana kuma ba ta duka.

Na ga ƙanƙantarta, na ga yadda ranar duba ke matsowa, sai na shiga ɗaki na ɗauko wani dunƙulen gansakuka da na cuso a aljihun riga daga sheƙar tsuntsuwa, kore shar, ya cika tafi.

Na ce, "Baba, gansakuka ba ta da tsagar gado a fuska. Mu shimfiɗa wannan, wa zai gane?"

Ya ce, "Magajiya ba za ta gane ba."

"To, shi ke nan."

"Ni zan gane. Waccan Yalwa ce ta kankaro ta da farcenta, daga inda uwarta ke zama tana tsince wake. Mai da abarka, ɗana."

Na mai da abata. Na koya masa ya riƙa taɓa ta da bayan yatsa, in ya ji sanyin danshi ya bar ta, in ta bushe ƙamas har ta naɗe, sa'an nan a ba ta, shi ma feshi ba kwarara ba. Wannan bai ba shi wuya ba, don haka yake guntsar ruwa ya fesa wa kaba in zai yi saƙa.

Wuyar tana wani wuri. Hannun Baba Cindo ya saba, yana magana da kai za ka ga ludayi ya cika ya nufi kasko, shi bai ma sani ba. Ga baƙi kuma. A Birnin Raɓa ka hana mutum zuba ludayinsa daidai yake da ka ce masa ba ka son gaisuwarsa har abada. Na tambayi Baba Cindo ko akwai abin da ya fi ludayin tunawa girma a garin. Ya ce abu ɗaya ne, ruwan da ke hannu ba ya wuce baƙo mai ƙishirwa.

Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a gindin kujerar.

Da Tasalla ta shigo ta ɗebi ruwa, na yi wani nishi na ce, "Gwaggo, ƙishirwa. Tun da tsuntsuwar nan ta kwanta a kaina cikina ya zama rairayi."

Ta harare ni ta miƙo. Ta sake ɗebowa, na sake nishi.

Ta ce, "Cindo, wannan baƙo ne ka sauke ko rijiya ka haƙa?"

Haka na zauna. Mai gaisuwa ya zo in sha, mai sayen tabarma ya zo in sha, Baba Cindo ya tuna 'yarsa in sha. Na kumbura kamar salka. In na juya a tabarma sai maƙwabta su fito kwashe shanya, suna tsammanin hadari ne. Hanyar da na yi tsakanin rumfa da bayan gida har yau an ce ciyawa ba ta fito a kanta ba.

Da abin ya ishe ni na ce, "Baba, tun da ni ke shan tunawar nan, ai ya kamata in san abin da nake sha."

Sai ya fara faɗa. Wannan ludayin, ya tuna ranar da tana ƙarama ta ɗaure wa kaza ƙafa da karan dawa, kazar kuma lafiyarta ƙalau. Wancan, ya tuna yadda take waƙa in tana daka, muryar ba daɗi, har tantabaru ke barin gida, shi kuwa ya ce mata ta fi zabiya. Wani kuma sai ya riƙe ludayin ya ce, ya tuna ranar da uwarta ta zame a bakin rijiya ƙugu ya karye, aka rasa mai ɗori, ta kwanta daga nan ba ta tashi ba. Yalwa ce ta yi jinyarta. Bayan an share makoki ta ce masa, Baba, ba za a sake yin haka a garin nan ba ina kallo.

Ya ce, "Ban hana ta ba. Na so in hana, bakina ya ƙi."

A hankali na lura, in labarin ya yi tsawo sai ya manta da ludayin a cikin tulu. Cikina ya fara saɓewa. 'Yar gansakukar kuma warinta ya ɗauke, ƙudajen suka yi ƙaura, wata safiya muka ga ta tura wasu 'yan kawuna sabbi, ƙanana kamar ƙwayar gero. Baba Cindo ya tsuguna a gabansu har hantsi, ko tabarma bai taɓa ba.

Gajimare ya tafi kudu, ranar duba ta zo. Magajiya ta fara da unguwannin gabas, ba ta iso gidanmu ba sai da rana ta karkata, iska ta yini tana busawa. Tsohuwa ce doguwa mai sanda, fuskarta ba ta san dariya ba. A bayanta magini ne da kwandon laka a kai, a bayansa rabin unguwa.

Na dubi kaskon. Gansakukar ta naɗe ta yi ruwan ƙasa, kamar ɗan busasshen ganye a kan dutse.

Magajiya ta sa yatsa ta taɓa tsakuwar. Ta dubi yatsan.

Ta ce, "Cindo, kaskonka a bushe yake."

Mutane suka fara gunaguni. Na ji Tasalla na cewa ai ta faɗa, baƙon nan ya shanye yarinyar. Magini ya sauke kwandonsa a ƙofar ɗakin Yalwa ya fara naɗe hannun riga.

Na buɗe baki zan zuba irin nawa, Baba Cindo ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in gaishe ta sau ɗaya."

Ta ce, "Gaishe ta."

Ya ɗauki ludayi ya cika. Na ga hannun ya nufi kaskon yadda ya saba, ruwan na zuba a ƙasa. Ya tsaya. Ya ɗaga ludayin zuwa bakinsa ya guntsa, ya ja da baya kaɗan, ya fesa sama-sama, feshi mai laushi kamar hayaƙi, ya sauka a kan dutsen.

Sai 'yar abar ta fara buɗewa, kai ɗaya, sa'an nan na kusa da shi, kamar jariri na buɗe yatsu. Ruwan ƙasan ya janye, kore ya biyo baya, har ɗan wurin nan da bai wuce babban yatsa ba ya fi duk abin da ke gidan haske.

Magajiya ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kaɗan ce."

Baba Cindo ya ce, "Kaɗan ce, ranki ya daɗe."

Ta miƙe ta ce, "Da ranta. Magini, ɗauki lakarka."

Magini ya ɗauka yana ƙunƙuni, wai an sa shi ya kwaɓa laka a banza. Jama'a suka watse, Tasalla na gaya wa kowa cewa dama ita ta ba da shawarar a hau dutse. Magajiya ce ta rage a baya, tana gyara riƙon sanda kamar ta ɓata wani abu. Da zaure ya yi shiru ta matso kusa da Baba Cindo, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Na ɗana ma ya fara wari. Gobe ka biyo da askar nan."

Ban daɗe ba bayan haka ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Baba Cindo ya raka ni har bakin Kogin Gardama, yana tafe yana riƙe da hannuna, ban sani ba ko shi ke tare ni ko ni ke tare shi. Ya ba ni tabarma sabuwa da hula, ya ce in riƙa rufe kan nan saboda tsuntsaye.

Da na sa ƙafa a kwalekwale ya ce, "Ɗana, kai mai yawo ne. In Allah ya haɗa ku, ka ce mata ɗakinta na nan, ina share shi."

Na ce, "Zan faɗa, Baba."

Ya ce, "Maganar ruwan nan kuma, ba sai ka gaya mata ba. Dariya za ta yi mini."

Wannan kam ban riƙe masa ba, kun ji da kunnenku. Amma ɗayan ina riƙe da shi. Duk garin da na sauka nakan tambayi masu ɗori, duk taron da na samu nakan ba da labarin nan, ko da wani zai kai shi inda ƙafata ba ta kai ba. Saboda haka in a cikinku akwai wanda ya taɓa karyewa, wata mace ta ɗora shi, tana aiki tana waƙa da murya marar daɗi, to ya koma ya gaya mata Nomau ya ce ƙofa a buɗe take, tsohon kuma yana jira.

Nan hikaya ta tuƙe. Mai gardama ya ɗauki abarsa a bakin ƙofa.